Kira Uku a Tungar Raɗa

"Wai ni kam, amaryar nan taku tana da murya kuwa?"

Gwaggo Tabawa maƙwabciyarmu ce ta yi wannan tambaya, tana zaune a tsakar gida tana taya surukata tsintar wake. Ni ina bayan danga ina wanke tukwane, ba su san ina ji ba. Inna, surukar tawa, ta yi dariya ta ce, "Wata bakwai ke nan da kawo ta, Tabawa. In kin riga ni ji, ki zo ki ba ni labari." Na sunkuyar da kai na ci gaba da dirzar tukunyata. Da ma me zan ce?

To, da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ba wani wuri rairayi ya ba wani wuri ruwa, ya ba wani bawansa murya kamar ganga, ya ba wani kamar ta sauro. Ni ce Lantana 'yar garin Marke Uku, kuma wannan labarin tafiyata ne zuwa Ƙasar Inuwa, inda rana ke fitowa ta faɗi ba wanda ya ga fuskarta, inda ganye ɗaya ke isar mutum biyu su fake, inda kogi ke tafiya da safe ya dawo da la'asar.

Maigidana falke ne, fataucin goro yake yi. Sunansa ba zan rubuta shi a nan ba. Tun ranar da aka ɗaura mana aure bai taɓa fita daga bakina ba, kamar yadda uwata har ta tsufa ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Malam nake ce masa, shi ma a hankali. Shi kuwa mutum ne mai faɗin ƙirji da farar zuciya, in ya yi sallama a ƙofar gari kaji na watsewa a bayan gari. Ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, kuma gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai ya tambayi gida da gajiya da sanyi da lafiyar awaki.

Kwana uku bayan tambayar Gwaggo Tabawa, ya dawo daga kasuwa yana haki ya ce, "Lantana, ɗaure kayanki!" Wani tsohon falke ne ya ba shi labarin wani ƙauye can tsakiyar kurmi, Tungar Raɗa, inda farin goro ɗaya ke cika tafin hannu, ya shekara bai yi yaushi ba. Sai dai mutanen wurin ba sa ciniki da namijin da ya zo shi kaɗai. Su 'yan kaɗan ne, kuma sun gaji da gwauraye masu zuwa neman goro su tafi musu da 'yan mata. Sai mai aure, kuma sai sun ga matar da idonsu.

Ya ce, "Kin ga ke ce mabuɗin garin. Ba sai kin yi magana ba, tsayuwa kawai za ki yi."

Na ce a raina, wannan aiki na iya shi.

Muka ɗora wa jakuna uku gishiri da kanwa da daddawa. Ni kuma na ƙulle zannuwana biyu, da mazarina da ƙunshin auduga, don hannuna ba ya samun sukuni in ba ina kaɗi ba. Muka yi kwana arba'in muna nausawa kudu. Ƙaya ta ƙare, ciyawa ta soma. Ciyawa ta ƙare, itatuwa suka soma, tun suna tsaye ɗai-ɗai kamar baƙi har suka haɗa kai suka rufe sama. A bakin kurmi muka bar jakunan wurin wani manomi, don ƙudan cikin kurmin ba ya barin jaki da rai. Muka raba kayan muka ɗauka a ka.

Abin mamaki na farko da muka tarar shi ne Kogin Mai-komawa. Da hantsi muka isa gaɓarsa, yana gudu gabas kamar an kore shi. Malam ya sunkuya zai wanke fuska, hularsa ta faɗa ciki, ruwa ya yi gaba da ita. Hular ɗaurin aurenmu ce. Ya bi gaɓa yana ihu, yana roƙon kogin, yana yi masa Allah-ya-isa. Ni kuwa na lura duk ciyayin gaɓar nan a karye suke ta ɓangare biyu, wasu sun kwanta gabas wasu yamma. Na ja hannun rigarsa na nuna masa ƙasa, wai mu zauna. Muka zauna, ina kaɗi yana ƙunƙuni. La'asar na yi, ruwan ya tsaya cik kamar mai tunani, sannan ya juyo. Can sai ga hula tana tafe, da wani ƙaton kwaɗo zaune a ciki kamar ango. Malam ya yi dariya har ya faɗi. Ya gaishe da kwaɗon, ya tambaye shi gajiyar hanya, sannan ya karɓi hularsa. A 'yar tsayuwar da ruwan ke yi kafin ya juya muka haye washegari, a kan wani gungume.

Kwana biyu bayan nan kwarkwasa, tururuwar nan mai cizo, ta tare mu. Da farko gada muka gani ta wuce a guje, sai ɓeraye, sai macizai, duk ba wanda ya kula wani. Bayansu ƙasa ta yi baƙi ƙirin tana tafiya, faɗin rundunar ya fi tsakar gidanmu, tsawonta kuwa Allah kaɗai ya sani. Malam ya ce, "Lantana, ƙafa!" To ina za mu da kaya a ka, ga saiwoyi ko'ina? Sai na hango wani tsohon kunkuru, shi bai bi masu gudu ba. Ya lallaɓa ya hau wani wuri da tsawa ta ƙone itace, ya zauna cikin toka ya janye kansa. Na ja Malam muka bi kunkuru. Na kwashi toka na zagaye mu da ita, na ƙara da garin kanwa. Rundunar ta iso, ta sunsuna, ta rabe gida biyu ta wuce mu. Rabin yini muka yi zaune mu uku. Malam ya dubi kunkuru ya dube ni ya ce, "Ku biyun nan ɗan uwa da 'yar uwa ne, ba ku magana amma ba a cin ku."

A rana ta tara da shigarmu kurmi muka isa Tungar Raɗa. Gida tara ne kacal, kowanne a kan dogayen turaku, an yi masa jinka da ganye. Mutanen garin gaba ɗaya, da jarirai, ba su kai hamsin ba, kuma daga nan sai ka yi tafiyar mako ba ka ga hayaƙin wani gari ba. Kullum ana yayyafi, komai kore shar, har turmi ya yi gansakuka. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. Mata na daka ba waƙa. Maza na hira baki a kunne. Daga kowane gida an ja igiya zuwa na kusa da shi, an rataya mata busasshen ganye. In kana neman maƙwabcinka sai ka ja igiya, ganye ya motsa, ya fito. Raina ya kwanta nan take. Ban taɓa shiga garin da ya dace da ni kamar wannan ba.

Malam kuwa ya sauke kaya, ya cika ƙirji da iska ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gari! Ina wuni? Ina gajiya? Lafiya lau! Madalla!"

Mutane suka dafe kai. Wata tsohuwa ta sauko daga gidan tsakiya da sauri, ta sa tafin hannu ta toshe masa baki. Ita ce Iya Sambala, shugabar garin, wadda ta tsinci harshenmu a bakin fatake. Ta nuna sama. Muka ɗaga kai. Abin da na ɗauka ganye ne mai toka-toka ashe aku ne, dubbai, jere a kan rassa, kowanne ya karkato kai yana saurare.

Cikin raɗa ta ce, "Ɗana, a nan magana sau biyu taka ce, ta uku tasu ce. In suka ji abu sau uku sun ɗauke shi ke nan, da muryar mai shi, su raba wa 'yan uwansu har ƙarshen kurmi. Kakata ta shekara sittin da rasuwa, har yau suna tari da muryarta."

Malam ya ce to. Ya kuwa yi ƙoƙari, ni shaida ce. Amma mutumin da ya saba gaida kowa ba ya iya wuce mutum arba'in da baki a rufe. Kafin azahar ta washegari, duk kurmin ya ɗauka: "Ina gajiya? Lafiya lau! Madalla! Na'am!" Mutanen gari suka sa masa suna Maiganga, suna dariya irin tasu, hannu a baki kafaɗa na rawa. Shi ma abin daɗi ya yi masa. Har ya riƙa tsokanata, in na kawo masa ruwa sai ya matse murya ya kwaikwaye ni da ƙarfi, "Malam, ga ruwa." Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, na harare shi, ya yi na uku. Da yamma tsuntsaye suna ta miƙa wa juna ruwa a saman itace da siririyar murya.

Ciniki ya yi kyau. Suka karɓi gishiri da kanwa da murna, daddawa kuwa Iya Sambala ta sunsuna ta yi atishawa, sannan ta ɓoye ta duka a ɗakinta. Sai dai al'adarsu, mai son goro shi ke shiga ya tsinko da hannunsa, kuma ba mai shiga kurmi sai da igiya ɗaure a ƙugu, ɗaya bakin a turken gidansa. Malam ya bari aka ɗaura masa yana ɓata rai. Na ji yana cewa, "Ni da na ratsa ƙasa bakwai, yau ni ake ɗaurewa kamar ɗan akuya."

Da la'asar mazan garin da suka shiga tare da shi suka dawo da kwanduna cike. Aka jawo igiyar Malam, ta zo ba nauyi. Bakinta a kwance yake, ba tsinkewa ta yi ba.

Ranar nan da washegari mazan garin suka bazu nemansa, kowa iyakar tsawon igiyarsa. Ba su iya kira, don ba muryar da tsuntsayen nan ba su da ita a garin, kuma ko'ina suka juya sai su ji Malam yana cewa lafiya lau, madalla. Na zauna a ƙarƙashin gida ina kaɗi, hawaye na sauka a kan audugar, sama kuwa mijina na tambayata ina gajiya ta bakin tsuntsu ɗari.

Safiya ta uku Iya Sambala ta zauna kusa da ni ta ce, "'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Itatuwan goro a kwari suke. Yau wata ya cika, kuma ranar da wata ya cika, in Mai-komawa ya juyo da la'asar ba ya tsayawa a gaɓarsa. Kwarin nan gaba ɗaya zai cika har ya shafe kan mutum."

Na ce, "Iya, ni ba su da muryata."

Ta dube ni. Ina jin ranar ta fara jin na haɗa kalma biyar. Ta ce, "Gaskiya ne. Amma me za ki ce masa? In kika ce Malam, sun riga sun iya, shi da kansa ya koya musu. Sai abin da bai taɓa ji a bakinki ba, wanda zai sa ya tabbata mutum ne ba tsuntsu ba."

Na san abin. Kunnuwana suka yi zafi tun ban faɗa ba.

Suka ɗaura mini igiyar da ta fi kowace tsawo a garin, na shiga. Na bi ta ƙarƙashin saiwoyi masu tsayin katanga, na tsallake gungumai masu santsi, har igiya ta ƙare. Daga nan ba ɗan garin da ya taɓa wucewa. Na kwance ta na ɗaure a reshe, na ciro zaren da na kaɗa tun daga Marke Uku, dunƙule shida, na ƙulla bakinsa a igiyar na ci gaba ina warwarewa. Dunƙule na biyar na ƙarewa na iso bakin kwarin. Na hau wata ƙatuwar saiwa na tsaya. Ƙasa har ta fara tsattsafo da ruwa.

Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa sai tsuntsaye. Duk da haka sai da na ja mayafi na rufe rabin fuska. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na tuna uwata. Na tuna Inna. Na tuna hular nan da kwaɗo a ciki. Sannan na kira sunansa.

Kurmin ya yi tsit. Ni kaina ban san muryar ba, ashe tana da kauri. Can sai "Na'am!" daga gabas, "Na'am!" daga yamma, daga sama, daga bayana. A cikinsu ɗaya tasa ce, amma wacce? Ba ni zan je gare shi ba, shi zai zo gare ni. Na jira. Ruwa ya rufe ƙananan saiwoyi, ganyaye suka fara yawo a kansa.

Na kira na biyu.

Na sake jira. Sai na hango rassa na motsi can nesa, sai farar hula, tana tafe tana tangaɗi. Amma ba wajena ta nufo sosai ba, ta karkata hagu, inda na ga ruwa na juyawa yana haɗiye ganye, alamar rami. Tsuntsaye duk sun sauko ƙananan rassa, sun karkato kai, suna jira. Sau biyu nawa ne, na riga na cinye. In na ƙara, sunan da na ɓoye wata tara a bakina zai zama abin wasan tsuntsaye har jikokin jikokinsu.

Na yar da mayafin. Na cika ƙirji da iska yadda na ga yana yi, na kira shi kiran da ya sa birai suka zubo daga itace.

Hular ta tsaya. Ta juyo. Ga Malam, ruwa har gwiwa, laka har gemu, sauro ya kumbura masa fuska kamar alkaki. Ya kamo saiwar ya hau, ya zauna yana numfashi, ya dube ni ya ce, "Lantana! Ashe kin san shi?"

Na rufe fuska da hannu biyu na ce, "Malam, ruwa na zuwa, mu tafi."

Muna bin zare yana ba ni labari, wannan karon cikin raɗa. Wai yana tsinkar goro ya ji "Malam, ga ruwa" a bayansa, ya ɗauka ni ce na biyo shi na ɓata, ya kwance igiya ya bi muryar. Kwana biyu yana bin ta, har ya gane kansa yake bi. Daga nan ya hau itace ya rantse ba zai ƙara amsa kowa ba. Ya ce, "Amma da na ji wannan, na ce tsuntsu sai abin da ya ji yake faɗa. Wannan kuwa ba mahalukin da ya taɓa jin sa a bakinki, har ni mai sunan."

Bai rufe baki ba wani aku ya gwada a saman kanmu. Na biyu ya gyara masa. Kafin mu kai bakin igiya, kurmin gaba ɗaya na kiran mijina da sunansa, da muryata, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Haka muka shiga Tungar Raɗa, ruwa na bin dugaduganmu, suna na bin kanmu. Mutanen gari suka fito suna rungumarsa, suna dariyarsu ta kafaɗa har wasu na zama a ƙasa. Ni kuwa na haye ɗakin Iya Sambala na shige bayan tulu, ban fito ba sai da yunwa ta kore ni.

Ranar tafiyarmu suka cika mana huhu huɗu na farin goro, suka haɗa mu da masu rakiya har bakin kurmi. Iya Sambala ta kawo mini tsaraba a cikin ɗan keji: ɗan aku, bai gama fiffike ba. Ta ce, "Mai kai ne, jiya kaɗai ya iya." Ɗan tsuntsun ya buɗe baki zai nuna gwanintarsa. Na yi maza na buɗe kejin na ɗora shi a reshe, na ce, "Iya, na gode, amma uwarsa za ta yi kewa." Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye.

A hanya na sa Malam ya yi mini alkawari. Ya ce, "Kin san bakina ba ƙofa gare shi ba." Na tsaya cak a tsakiyar hanya da kaya a kaina, na ƙi motsi. Ya yi alkawarin.

Muka iso Marke Uku lafiya, goro ya yi albarka, har Malam ya sake wa Inna jinkar ɗaki. Ranar da aka zo yi mana barka, Gwaggo Tabawa na zaune a tsakar gida da farin goro cike da kumatu. Ina bayan danga ina wanke tukwane na ji ta ce, "Oh, har ƙarshen duniya an je an dawo, ita dai muryar ba a samo ta ba?"

Malam ya buɗe baki. Na ga labarin ya taso masa har maƙogwaro. Ya waiwayo, muka haɗa ido ta ramin danga. Sai ya ɗauki goro guda, mai cika tafin hannu, ya cusa a bakinsa gaba ɗaya, ya zauna yana tauna idonsa na ruwa.

Na ci gaba da dirzar tukunyata. Can kudu, bayan kogin da ke tafiya ya dawo, tsuntsaye dubu suna kiran sunan mijina da muryata tun safe har yamma, kuma za su yi ta yi bayan ba ni. Nan Marke Uku kuwa Gwaggo Tabawa ta ci gaba da jira. Takardar nan zan ninke ta in sa a ƙasan adudu, ƙarƙashin zanen aurena. Ba wanda zan gaya wa.